An tura ni aiki garin da duwatsu suka kewaye, kogi ya ratsa: gidan ƙasa zan kama ko na kan gangare?

Sabuwar Nas:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zama a irin wannan wuri. An tura ni aiki wani ƙaramin asibiti a wani gari da ke cikin kwari. Duwatsu ne ta gabas da yamma da arewa, kogi ya shigo ta tsakiyar garin ya fita ta kudu, hanyar mota ma ta nan ta bi. Gada ɗaya ce tak. Ni kuwa tun da nake ban taɓa zama inda ƙasa ba a shimfiɗe take ba.

Na leƙa garin, an nuna mini gida biyu. Na farko yana ƙasa, bayan kasuwa, layin gidaje biyu ne tsakaninsa da kogi. Da ƙafa zan riƙa zuwa aiki, ga rijiya a tsakar gida, ruwanta kusa, igiyar gugan ma gajera ce. Na biyu yana can sama a jikin gangare, an yanka tudun aka yi fili aka gina shi, daga bakin ƙofa ana ganin garin gaba ɗaya har gadar. Sai dai hawan akwai wuya, mota ba ta kaiwa ƙofa, babur ma sai mai ƙarfi. Ina da yaro ɗan shekara uku, mahaifiyata kuma za ta zauna tare da mu, ga ta da ciwon gwiwa. Sannan zan riƙa yin aikin dare.

Mai gidan ƙasa ya ce ruwa bai taɓa shiga gidansa ba. Mai gidan sama ya ce duk wanda ya san garin sama yake nema. Kowa kayansa yake yabo. Don Allah wanne ya fi? Kuma yaya zaman irin wannan gari yake, ruwansa da sanyinsa da mutanensa?

Tsohon Safiyo:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sa ki shiga a sa'a. Ni awon ƙasa na yi har na ajiye aiki, galibinsa kuma a irin waɗannan garuruwa, domin duk inda za a kafa gada ko a fasa hanya ta cikin duwatsu mu ake fara turawa. A gari irin wannan tsayi ake fara tambaya kafin nisa. Gida biyu na iya zama a layi ɗaya, taku hamsin tsakaninsu, ɗaya ruwa ya kai masa taga, ɗayan ko dokin ƙofarsa bai jiƙe ba, don kawai ya ɗara shi da mita ɗaya da rabi.

Mai gidan da ya ce ruwa bai taɓa shiga ba, ba lallai ƙarya ya yi ba. Amma shekarar ginin nawa? Kogi yakan yi shekara talatin ko hamsin bai yi babbar cika ba, mutane su saki jiki su gangara su yi gini a filin da iyayensu suka bari da gangan. A kwarin kogin Ahr na Jamus an yi mummunar ambaliya a 1804, aka sake a 1910, sannan aka yi fiye da shekara ɗari ba a ga irinta ba. Daren 14 ga Yulin 2021 ruwan ya dawo, ya kashe mutum fiye da 130 a wannan kwari kaɗai, a ƙasar da ke da kayan awo da hasashen yanayi na zamani.

To ki koma garin, zuwa da kai ya fi saƙo, ki bar mai gida a gidansa ki zaga ke kaɗai. Ki nemi ginin da ya fi tsufa a layin ki dubi bangonsa. Ruwan ambaliya yakan bar layi miƙaƙƙe, ƙasa da shi launin bango ya dushe, sama da shi yana nan yadda yake. In an yi sabon shafe, ki duba inda sabon simintin ya tsaya. Idan gida uku huɗu a jere duk an yi musu faci zuwa daidai ƙugun mutum, ruwa ne ya yanka musu wannan iyaka. Ki dubi dokin ƙofa: unguwar da kowa ya ɗaga ƙofarsa da bulo biyu ko uku, sai an taka an shiga, ta sha ruwa. Sannan ki sauka gaɓa ki ɗaga kai ki dubi rassan itatuwa. Za ki ga ledoji da ciyawa da tsummoki sun sarƙafe a sama, duk sun karkata gefe guda. Inda suka tsaya, nan ruwan bara ya kai. Ki tsaya a gindin itacen ki miƙa ido zuwa gidan, ki ga ko daɓen ɗakin ya fi wannan tsayi.

Ki tambayi masunta da matan da ke wanki a bakin ruwa, musamman tsofaffi. Kada ki ce musu "ana ambaliya a nan?", za su ce miki a'a, domin a wurinsu ruwan da ya shiga tsakar gida ya fita bayan kwana biyu bai kai a kira shi ambaliya ba. Ki ce su nuna miki inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi kowace yawa. Za su kai ki gindin wata bishiya ko wani dutse su ɗora hannu.

Rijiyar da ta burge ki ita ta fi tayar mini da hankali. Igiya gajera da rani, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana dab da ƙafarki ke nan. Da damina zai ƙara tasowa, masai ya cika ya haɗu da shi, danshi ya hau bango, kaya su yi fumfuna a cikin akwati.

Ambaliya a cikin kwari iri biyu ce. Akwai ta babban kogi, mai tasowa a hankali, irin wadda ake gani a Lokoja inda Neja da Binuwai suka haɗu a gindin Dutsen Patti. A 2012 da 2022 ta ci unguwanni ta datse hanyar Abuja, amma an yi kwanaki ana kallon tahowarta. Akwai kuma ta ƙoramu masu gangarowa daga duwatsu, wannan ba ta sallama. Lynmouth wani ƙaramin gari ne a Ingila inda ƙananan koguna biyu suka haɗu a gindin tuddai. A Agustan 1952 aka yi ruwan milimita 229 cikin awa 24 a kan tuddan, cikin dare ya gangaro da duwatsu da itatuwa, mutum 34 suka mutu. Saboda haka ki duba ko akwai busasshiyar ƙorama kusa da kowanne cikin gidajen nan biyu. Da rani kwazazzabo kawai za ki gani, yara na wasa a ciki, ana zuba shara. Girman duwatsun da ke kwance a cikinta shi zai gaya miki ƙarfin ruwan da ke bi ta nan. Dutsen da ƙarti biyu ba za su ɗaga ba, ruwa ne ya mirgino shi.

Gidan sama ma ban wanke shi ba tukuna. Filin da aka yanka a jikin gangare rabi biyu ne: na baya yankakke, na gaba ciko, wato ƙasar da aka yanko aka zuba aka daddale. Cikon nan shi ke nutsewa a hankali. Ki shiga ɗakin da ke fuskantar gari ki dubi daɓe da kusurwar taga ko akwai tsagewa, ki buɗe ƙofofi ki rufe ki ji ko suna cijewa. Ki zaga baya ki taɓa yankan da hannunki. In dutse ne tsantsa, madalla. In ƙasa ce mai laushi a cakuɗe da duwatsu, ki duba ko an tokare ta da katanga, kuma ko katangar na da ramukan fitar ruwa. Wadda ba ta da su, ruwa na taruwa a bayanta har ranar da zai ture ta. Ki ɗaga kai sama da gidan: itatuwa a miƙe suke ko sun sunkuyo? An sare su an yi gona? Ruwa na tsattsafowa daga jikin gangaren? A Freetown ta Saliyo, ranar 14 ga Agustan 2017, gefen dutsen Sugar Loaf ya zaftaro da sassafe bayan kwanaki ana ruwa, ya hallaka fiye da mutum 1,000. Gangare ne da aka sare wa itatuwa aka yi ta gini a jikinsa.

Da 'yar cikina ce ta tambaye ni, cewa zan yi ta nemi gida na uku. Kusan kowane gari irin wannan yana da wani dandamali tsakanin fadama da gangare, tsohuwar gaɓar kogin ce tun kafin ya zurfafa. A nan za ki tarar da tsohuwar unguwa da maƙabarta da manyan itatuwan da suka girmi kowa a garin. Mutanen farko sun ga halin ruwan shekara da shekaru kafin su kafu a wurin. Gidajen can tsofaffi ne, ɗakunan ƙanana, ba kasafai ake samun na haya ba, amma ma'aikaciyar asibiti in ta nema ta hannun dattawan unguwa da wuya a rasa mata.

Maman Tagwaye:

Ƙanwata sannu da ƙoƙari. Duk abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, Allah ya ƙara masa lafiya, amma shi auna gangare ya yi ya tafi, ni kuwa na zauna a kansa da goyo. Aikin maigidana ya kai mu gari irin wanda kike faɗa, muka kama gida a sama saboda tsoron ruwa. Ambaliya wata shekarar a yi, wata ba a yi ba. Hawa kuwa kullum ne, safe da yamma, da jarka da buhu da yaro a baya.

Ruwa shi ne babbar wahala. An zo haƙa mana burtsatse a unguwa, inji ya yi ta cin dutse har aka haƙura. Famfon gari ƙarfinsa ba ya hawowa, sai tsakar dare in na ƙasa sun rufe nasu sannan ya ɗan ɗiso mana. Masu tura ruwa a kura da sun ji sunan unguwarmu sai su girgiza kai. Da damina dai muna hutawa, mun sa indararo da tanki, ruwan sama ɗaya mai kyau yana cika mana shi. Da rani kuwa wanki ma sai na tara na sauka da shi.

Sai maganar Mama. Wallahi ki yi tunani sosai. Mai ciwon gwiwa sauka ta fi hawa yi mata wuya, a nan gwiwa ke ɗaukar nauyin jiki duka. Akwai wata dattijuwa maƙwabciyarmu, tun da ɗanta ya hau da ita gidan nan ba ta ƙara sauka ba sai daren da aka sauke ta a kan kujera za a kai ta asibiti. Maza huɗu ne suka riƙe, ana yayyafi, wani yaro na haska musu da fitilar waya, su yi taku ɗaya su tsaya saboda santsi, ita kuma ta riƙe hannun kujerar gam ta rufe ido. Ina tsaye a ƙofa ina kallo. Tun kafin wannan dare kaɗaici ya riga ya cinye ta, domin sa'o'inta duk suna ƙasa, su ma gwiwa ta hana su hawowa.

Ban ce babu daɗi ba. Iska na kaɗawa a sama lokacin da na ƙasa ke fifita, sauro bai kai na bakin ruwa ba, sabis ɗin waya ma ya fi kamawa, don wasu na ƙasa sai sun hau tudu suke kira. Lokacin sanyi in na fito da sassafe garin gaba ɗaya ba a ganinsa, farin hazo ya rufe shi, sai kan dogayen itatuwa. Ina jin carar zakaru da ƙarar babura daga ƙarƙashi amma ban ga kowa ba, mu kuwa rana ta riga ta same mu. Na ƙasa sai hantsi take leƙa su, ta kuma faɗa bayan dutse da wuri, shi ya sa shanyarsu ba ta bushewa da damina.

Mutane kuwa, ki shirya. Kafin ki gama sauke kaya an san ke ce sabuwar nas, an san yaronki, an san Mama. Hanya ɗaya, gada ɗaya, babu inda za ki wuce ba a gan ki ba. Da farko abin ya takura ni, amma ranar da ɗaya daga cikin tagwayena ya ɓace mini a kasuwa, kafin in gama kuka an riƙo hannunsa an kawo mini. Masunta da masu fito suna bakin ruwa, masu lambu na bin kogi in ya janye su shuka a lakar da ya bari, masu dabbobi da masu fasa dutse suna sama, baƙi ma'aikata irinmu kuma duk inda aka samu. Kowa da yadda yake kallon kogin. Mai lambu fata yake ya cika ya kawo masa sabuwar ƙasa, mai shago a bakin gada kwana yake da fargabar cikar. Ke kuma ki sani za a riƙa ƙwanƙwasa miki ƙofa da dare ko ba ki bakin aiki, kuma in kina sama mai naƙuda ba za ta iso gare ki ba.

Ni dai in biyun nan ne kawai, ƙasa zan zauna, in ɗora gado da akwatuna a kan bulo, in haɗa takarduna a jaka ɗaya kusa da ƙofa, in kuma san gidan da za mu nufa in ruwa ya taso.

Duba-gari:

Abokiyar aiki, barka da samun wuri. Zan ƙara kaɗan ta ɓangarenmu.

Kogin da ya fito daga duwatsu yana da inda yake gudu da inda yake lafawa, kowanne da cutarsa. Inda ruwa ke dukan duwatsu yana kumfa, nan ƙaramin baƙin ƙudan nan mai cizo da rana ke hayayyafa. Shi ke ɗauke da tsutsar da ke sa ƙaiƙayi mai tsanani da ƙulli a ƙarƙashin fata, daga baya ta makantar da mutum. Wannan cuta ta taɓa tayar da ƙauyuka ɗungurungum daga kwaruruka masu albarkar noma a Afirka ta Yamma, har aka kafa shirin yaƙi da ita a 1974 wanda ya kai 2002, ya haɗa ƙasashe 11. Tun 1987 ake ba da maganin Mectizan kyauta. Ana sha sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma sai an jure shekara da shekaru, domin uwar tsutsar na iya kai shekara 15 a jikin mutum, maganin kuwa 'ya'yanta yake kashewa. A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da cutar, ita ce ta farko a Afirka. In kin isa ki tambaya ko ana rabon maganin a yankin, ki kuma lura da masu zuwa da ƙaiƙayin da ya ƙi jin magani, musamman masunta da masu lambu.

Inda ruwan ya lafa, cikin ciyawar gefe da kududdufan da kogi ke bari in ya janye, nan katantanwar tsargiya take. Yaronki nan gaba kaɗan zai so bin yara wanka. Ba sai ya sha ruwan ba, ta fata cutar take shiga. A wasu garuruwan bakin ruwa fitsarin jini ya zama ruwan dare ga yara maza, har iyaye ba sa kawo su asibiti a kansa, sai ke kin tambaya da bakinki. Praziquantel na maganinsa. Sauro ma a kududdufan nan yake ƙyanƙyasa, don haka gidan sauro dole ne, ko sama kika zauna ko ƙasa.

Game da rijiya, ƙa'ida ita ce a samu aƙalla mita 30 tsakaninta da masai, ta kuma kasance ta sama da shi. A cikin kwari wannan da wuya, saboda ƙazantar unguwannin sama duk ƙasa take gangarowa, ta bisa da ta ƙarƙashin ƙasa. In kin zauna can ki tafasa ruwan sha ko ki sa masa kulorin, musamman farkon damina da bayan kowace ambaliya. Lokacin ne amai da gudawa ke ɓarkewa.

Direban Babbar Mota:

Malama, ba ni da ilimin su Baba, amma na daɗe ina shiga irin garuruwan nan da kaya. Akwai tambayar da ba wanda ya yi miki. Asibitin da gidan gefe ɗaya suke, ko sai kin haye gada? In sai kin haye, gadar wace iri ce? Akwai doguwa mai ƙafafu, akwai kuma gajerar nan ta kwalbati wadda ruwa ke bi ta kanta in ya cika. Irin ta biyun na sha kwana a bakinta, mu a wannan gefe, garin a wancan, muna ganin fitilunsa. Ranar da haka ta faru, ko dai kina asibiti yaro da Mama suna ƙetare, ko kina gida marasa lafiya na jiran ki.

Kuma don Allah duk ranar da kika ga ruwa na bi ta kan hanya, kada ki yarda mai babur ya ce miki ya san wurin. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato ya ɗan wuce idon sawu, yana kayar da babba. Santimita 30 na ɗaga ƙaramar mota, 60 na tafiya da kusan kowace mota. Ga shi jajawur, ba ka ganin ko ya cinye gefen kwalbatin. A gabana ruwa ya tafi da wata mota, direban ɗan garin ne, kullum ta nan yake bi.

Sannan garin da hanyarsa ɗaya ce, in dutse ya faɗo ko gefen titi ya zaizaye komai tsayawa yake, mai da magani da kayan shago duka. Kafin damina ta yi nisa ki ajiye abin da zai kai ku mako biyu, ki kuma tuna wa shugaban asibitinku ya yi haka da magunguna da ledojin ƙarin ruwa.

Sabuwar Nas:

Baba na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Yaya Maman Tagwaye, maganar dattijuwar nan ta shige ni sosai. Malam Duba-gari, na rubuta duka. Malam Direba, asibitin da gidan ƙasa gefe ɗaya suke, gidan sama ne a ƙetare, gadar kuma doguwa ce mai ƙafafu.

Na kira wata ma'aikaciyar asibitin, ta ce akwai tsohuwar unguwa a bayan asibitin kan wani ɗan tudu, za ta yi mini cigiya. Ta kuma faɗi abu biyu da ban gane ba. Wai in taho da bargo mai kauri don ƙasan garin ya fi samansa sanyi da dare, alhali ni na san sama ce ke da sanyi. Kuma wai akwai dam can gaba a saman kogin, wani lokaci ruwa na ƙaruwa ko ba a yi ruwan sama ba. Baba, yaya abin yake?

Tsohon Safiyo:

Duka biyun gaskiya ta gaya miki 'yata. Abin da kika sani haka yake da rana: duk mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Amma da dare, in sama ta yi garau babu iska, jikin duwatsu na saurin hucewa, iskar da ke kansu ta yi sanyi ta yi nauyi, sai ta gangaro ta taru a ƙasan kwari yadda ruwa ke taruwa a gindin ƙwarya. Iska mai ɗumi ta zauna a samanta ta rufe. Hazon da Maman Tagwaye ke gani daga ƙofarta shi ne wannan, sanyin ne ya haɗu da tururin kogi.

Abin da ya sa nake so ki riƙe wannan, ke da kike aikin lafiya, shi ne hayaƙi. Duk abin da aka ƙona a garin a irin wannan dare, itace da shara da taya da hayaƙin janareta, ba ya fita, yana nan daidai hancin mutane har rana ta hau ta fasa shi. Donora wani ƙaramin gari ne a Amurka, a lanƙwasar kogin Monongahela, tuddai sun kewaye shi. A ƙarshen Oktoban 1948 iska ta tsaya haka wajen kwana biyar, hayaƙin masana'antun ƙarfe da tutiya ya taru, mutum 20 suka mutu, dubbai suka kwanta, a garin da mutanensa kusan 14,000 ne. Sai da aka yi ruwan sama sannan ya washe. Ko babu masana'anta za ki ga masu asma da tsofaffi da jarirai sun fi zuwa muku da sassafe lokacin sanyi. Ki riƙa gaya wa mutane kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki saboda sanyin nan, yana kisa.

Dam kuwa, in ya cika dole a buɗe ƙofofinsa don kada ya fashe, kuma ruwan da ya cika shi wataƙila a wata ƙasar ma aka yi shi. Dam ɗin Lagdo yana Kamaru, amma in aka sake shi garuruwan bakin Binuwai ne a Najeriya ke kwashe kaya, ko da rana na haskawa tar. Dam ɗin da ke samar da lantarki kuma yakan ƙara sakin ruwa a sa'o'in da ake buƙatar wuta, sai ki ga inda yara suka tsallaka da ƙafa da safe ya fi ƙarfinsu da yamma. Ki tambaya a asibiti wa ke karɓar sanarwar sakin ruwa a garin, ki karɓi lambarsa. Ki kuma samu lambar ma'aikacin lafiya ko malamin makaranta a ƙauyen da ke sama da ku a bakin kogin, domin ta gabansu ruwan ke wucewa kafin ya iso gare ku.

Gidan bayan asibitin in an samu, shi ma ki duba bangonsa da dokin ƙofarsa kamar sauran, sannan ki bi hanyar da ke tsakaninsa da asibitin da ƙafa ki ga ko akwai ƙorama a tsakani.